Ranar da Baba Iddirisu Ya Buɗe Baki

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina karatun likita a Doha, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, ranar da wani mara lafiya da muka yi sati uku muna roƙon Allah Ya buɗe masa baki ya buɗe bakin, ni kuma na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗauki zafi. Amma bari in faro daga tushe, don ku san irin mutumin da nake a lokacin, kada ku tausaya mini fiye da yadda na cancanta.

Ina shekarar ƙarshe ke nan, ɗan Funtuwa da tallafin karatu ya kawo Ƙatar. A shekarar ƙarshe hankalin kowa a kan abu guda yake: ina zai samu gurbin horon ƙwarewa in ya gama. Fannin da na zaɓa shi ne wanda muke kira rihab, wato kula da mutanen da ciwo ko haɗari ya kayar, kamar mai shanyewar ɓarin jiki, ko wanda ƙashin bayansa ya taɓu, ko wanda aka yanke wa ƙafa. Sauran likitoci su ceto ran mutum, sannan a miƙo mana shi mu koya masa yadda zai sake zama, ya miƙe, ya kai cokali bakinsa. Dalilin da ya sa na zaɓi fannin na gaskiya ne. Baffana ya faɗi a babur ina sakandare, ya yi shekara huɗu kwance a ɗaki har Allah Ya karɓi abinsa, ba wanda ya taɓa koya masa ko yadda zai juya a kan katifa. Sai dai dalili na gaskiya ma yana tsufa. Kafin in kai shekarar ƙarshe Baffa ya koma sakin layi na farko a takardar neman gurbina (na gyara sakin layin nan ya fi sau ashirin, har na daina jin komai in na karanta shi).

Tsarin kuwa haka yake. Ana ba ka watanni huɗu ka zaɓi sassan asibitin da kake so ka yi aiki a ciki, kuma daga wurin likitocin da ka yi aiki a ƙarƙashinsu za ka nemi takardun shaida guda uku da za su raka takardunka. Ɗaya aƙalla dole ta fito daga likitan rihab. Malamin da ke ba mu shawara ya faɗa mana dalla-dalla: ku je inda za a gan ku kuna aiki, don wanda ya gan ka ne kaɗai zai iya rubuta wani abu a kanka. Na gyaɗa kai kamar na ji. A raina kuwa na ce wannan shawarar ta marasa dabara ce. Ni suna nake nema. In sa hannun da ke ƙasan takarda babba ne, wa zai tsaya karanta abin da ke sama?

Don haka na ɗauki wata biyu cur na kai wa wani Farfesa mai fiɗar ƙashin baya, wanda sunansa kaɗai ke sa ɗalibai gyara tsayuwa. Wata na huɗu na yi wa kaina rajista a wurin wani babban likitan jijiyoyi, shi ma don sunansa. Rihab ɗin da nake iƙirarin shi ne rayuwata, wata ɗaya tak na ba shi, shi ma don babu makawa.

Watanni biyun Farfesa a tsaye na yi su, a bayan ɗalibai goma sha biyu, ina leƙen ƙeyar na gabana. Sau ɗaya ya yi mini magana, ya ce in matsa na tare haske. Da na je neman takarda, sakatariyarsa ta karɓi bayanaina da fara'a, sannan ta ce in turo mata hotona, wai don Farfesa ya tuna ko wane ne. Mai hankali da nan ya gane kallon kitse yake yi wa rogo. Ni kuwa komawa na yi ɗakinmu a unguwar Mansura, na yi rabin awa ina zaɓen hoton da na fi kyau.

A haka na shiga wata na uku, na faɗa hannun Dakta Huda, babbar likitar sashen rihab. Mace ce 'yar Jodan, ta manyanta, gajera, mai tabarau a kan karan hanci. Ba ta sauri. Ba ta san ma an ƙirƙiri sauri ba. Zagayen marasa lafiya da a wurin Farfesa ake gamawa cikin minti arba'in, ita sai ta kai azahar tana yi. A kowane gado sai ta jawo kujera ta zauna. Ta tambayi mutum sana'arsa, hawa nawa ne gidansa, wa zai riƙe shi in zai shiga banɗaki, da wane hannu yake cin abinci. In mara lafiya zai yi minti biyu kafin ya ɗaga yatsa, za ta jira minti biyun, mu ma dole mu jira. Ba ta taɓa cewa yalla, wato a yi sauri, sai in an tashi aiki. Tun ranar farko na raɗa mata suna a raina: Hawainiya.

Ranar farkon nan ce kuma ta ba ni mara lafiya na kaina. Sunansa Iddirisu, ɗan Ghana, ya haura hamsin, direban motar ɗaukar ma'aikata ne a wani kamfani can bayan unguwar Asian Town. Ya yanke jiki ya faɗi a garejinsu, ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Malamar da ke koyar da magana, wata 'yar Indiya mai haƙuri, ta yi ta gwada shi da Turanci: ɗaga hannu, rufe ido, nuna ƙofa. Sai dai ya bi ta da kallo. Aka rubuta cewa ba furuci kaɗai ya rasa ba, har fahimtar abin da ake faɗa masa ta tafi. Wayarsa a kulle take, ba ya iya buɗewa. Abokan aikinsa ranar Juma'a kaɗai suke samun zuwa, ranar da mu ba ma nan.

Dakta Huda ta miƙo mini fayil ɗinsa ta ce, "Ka je ka binciko mini wane ne mutumin nan kafin ya zama gado na tara. Komai nake so, daga farko. Kada ka yarda da abin da wani ya rubuta."

Na ce to. Na zauna a gaban kwamfuta na kwafe fom ɗin da wakilin kamfaninsu ya cike ranar da aka kawo shi. Inda aka tambayi harshen da yake yi a gida, wakilin ya rubuta Turanci, ni ma na rubuta Turanci. Minti goma sha biyar na gama, har ina yaba wa kaina. (Kakana fataucin goro ya yi a Gwanja, tun ina yaro nake jin labarin zango-zangon Hausawa a Ghana. Amma ilimin da ke kai ba ya amfani in mai kan yana sauri.)

Ɗakin Baba Iddirisu a ƙarshen baranda yake, gado biyu ne amma ɗayan ba kowa. Kullum bayan azahar aikina ne in shiga in duba shi, in motsa masa hannun, in rubuta yadda ya wuni. Daidai lokacin ne kuma abokina Nura ke samun hutu. Nura ɗan unguwarmu ne a Funtuwa, yana gadin wani dogon bene na ofisoshi a Mushairib, kuma in ya ajiye farantin abinci ni yake fara kira. Na san bai dace in ɗaga waya a ɗakin mara lafiya ba. Amma ɗakin shiru ne, ga sanyi, ga taga, mai ɗakin kuma an ce ba ya fahimtar komai.

"Likita bokan Turai! Ya Hawainiya?"

"Tana nan tana jan ƙafa. Wallahi Nura, yau awa huɗu muka yi a kan gado takwas. Ni fa takarda kawai nake so. Ta sa mini hannu in kama gabana."

"To ka daure mana. A ina kake ne nake jin shiru haka?"

"Ɗakin wani bawan Allah ne ɗan Ghana. Ba ya ji, ba ya magana. Nan ne ofis ɗina."

Haka muka yi ta yi kusan kullum. Takarda kawai, takarda kawai, sai ka ce wuridi aka ba ni. Na kwaikwayi tafiyarta, na kwaikwayi yadda take leƙo mutum ta saman tabarau. Duk gulmar da ke cikina a ɗakin nan na sauke ta, hannuna ɗaya riƙe da waya, ɗayan yana lanƙwasa gwiwar hannun mutumin kamar mai buga famfon burtsatse.

Akwai abin da na lura da shi, kuma shi ya fi ci mini rai yanzu. Duk sanda na fara waya sai Baba ya shiga buga ƙarfen gadon da hannunsa na hagu, yana wani gurnani, idonsa a kaina. Wata rana har ya cafki hannun farar rigata ya ƙi saki. Na ɓamɓare yatsunsa a hankali, na matsa jikin taga na ci gaba da hirata. Sannan na rubuta a fayil cewa mara lafiya yana nuna rashin natsuwa da tsakar rana. Saboda rubutun nan har wata nas ta tambaya ko a ba shi abin da zai kwantar da shi. Dakta Huda ce ta hana, ta ce sai an san abin da ke damunsa tukuna.

A sati na uku aka sa ranar Alhamis don a zauna a kan maganarsa. Kamfaninsu na tambaya, asibiti ma na bukatar gado. In har ba ya fahimtar umarni, ba yadda za a yi a ci gaba da horo mai tsanani da shi, sai dai a shirya mayar da shi gida da takardar da ke cewa ba a sa ran wani ci gaba sosai. Ni kuwa a satin nan ne na tsara zan nemi tawa takardar. Ranar Talata na goge rigata, na shirya kalmomin da zan faɗa mata bayan zagaye, na yi ta maimaita su a jirgin ƙasa tun daga Mansura har na kusa wuce inda zan sauya layi.

Muka iso gado na tara wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Mu shida ne: Dakta Huda, malamar magana, mai gashin ƙashi, nas, wata ɗaliba 'yar ajinmu, da ni. Malamar ta ɗaga kofi ta tambaye shi sunansa. Shiru. Ta ɗaga cokali. Shiru. Dakta Huda ta jawo kujerarta kamar kullum ta zauna dab da shi, ta dafa ƙirjinta ta tambaye shi da Turanci, a hankali, "Ni wace ce?"

Baba ya kalle ta. Ya juyo ya kalle ni, ya daɗe yana kallona. Gefen bakinsa na hagu ya ɗan ɗaga. Sannan ya maida ido kanta, ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya ce:

"Ha... wai... niya."

Sunan da na raɗa mata ne.

Dakta Huda ta ɗago da sauri (karo na farko da na ga ta yi wani abu da sauri). Ta ce, "Kun ji? Ya yi sauti a jere!" Ta nuna ni da yatsa ta ce masa, "Wannan fa? Wane ne wannan?"

Wannan karon bai sha wahala sosai ba. Ya ji kalmomin sun fi sau ɗari.

"Takarda... kawai."

Ba wanda ya fahimta a ɗakin sai mu biyu. Malamar magana ta sunkuya a kan takardarta, tana rubutu tana faɗa a fili: sautuka a jere marasa ma'ana, irin wanda ake gani in fahimta ta lalace sosai. Ta ce wannan ya ƙara tabbatar da abin da take tsoro.

Zan so in ce muku nan take na yi magana. Ƙarya ne. Na tsaya ina lissafi. In na yi shiru, ba mai sani har abada. In nemi takardata da rana, a ba ni, in wuce. Shi kuma ranar Alhamis a karanta layin nan da malamar ke rubutawa, a yanke hukunci a kansa. Ban san ko daƙiƙa nawa na yi ba, amma sun isa in san kaina fiye da yadda nake so. Baba bai ɗauke idonsa daga kaina ba. Ba harara ba ce, kallon mai jira ne.

Na ce, "Dakta, ba sautin banza ba ne. Hausa yake yi. Harshena ne."

Kowa ya juyo. Dakta Huda ta cire tabaranta. "Harshenka? Ka tabbata? To me ya ce?"

"Kalmar farko sunan wata dabba ce."

"Wace dabba?"

Allah Ya sani, a lokacin sunanta na Turanci ya ɓace mini ƙaf. Na tsaya a gaban mutum biyar ina kwatance: ƙarama ce, kamar ƙadangare, tana sauya launi, idonta na juyawa. Har da hannu na nuna yadda idon ke yi. Nas ɗin, wata 'yar Masar, ta faɗi sunan da Larabci, sai ta toshe bakinta. Ashe su a wurinsu in ka kira mutum da sunan dabbar nan, munafuki ka ce masa, mai fuska biyu. Na ga fuskar Dakta Huda ta sauya, sai na yi maza in gyara, na ƙara kwaɓa abin.

"A'a, Dakta, mu ba haka muke nufi ba! Mu tafiyarta muke kallo. Wato... mai yin abu a hankali. Sosai. Mai nawa."

Ɗalibar nan 'yar ajinmu ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa.

Dakta Huda ta ce, "Na gane. To shi a ina ya samo mini wannan suna?"

"A bakina, Dakta. Nakan yi waya a ɗakin nan."

"Abin da ya kira ka da shi fa?"

Na faɗa mata. Na fassara shi kalma da kalma, har da kawai ɗin. Ban taɓa jin nauyin kalma irin na kawai ɗin nan ba.

Na jira ta kore ni. Ita kuwa sai ta mayar da tabaranta, ta juya wurin malamar magana ta ce, "Soke layin nan. Rubuta cewa ya saurari magana, ya fahimta, ya riƙe ta kwana da kwanaki, kuma ya ɗora kowane suna a kan mai shi daidai." Sannan ta ce da ni, ba tare da ta kalle ni ba, "Matso. Gaishe shi da harshenku."

Na durƙusa a gefen gadon. Na ce, "Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau," in ji shi, tar, ba gargada. Gaisuwa ba ta bin hanyar da sauran magana ke bi, a can ƙasan rai take zaune. Sai hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya.

Na ce ya ɗaga hannun hagu, ya ɗaga. Ya rufe ido, ya rufe. Ya nuna ƙofa, sannan taga, sannan ya taɓa kunnensa, duk ya yi a jere. Turancin da ya koya da girma ne ciwon ya share. Hausar da ya sha a nono a zangon Kumasi tana nan, ƙofar fitarta ce kawai ta cije.

Bayan zagaye ta kira ni ofishinta. Na fara ba da haƙuri a kan sunan, ta ɗaga hannu.

"Bar maganar suna. An kira ni da waɗanda suka fi shi muni, kuma gaskiya ce, ba ni da sauri. Ga abin da nake so ka tafi da shi gida. Mutumin nan yana kwance a ƙasar da ba tasa ba, ba ya gane abin da kowa ke faɗa. Kullum da rana sai ya ji harshen mahaifiyarsa a cikin ɗakinsa, taku biyu daga gadonsa. Sati uku. Kuma ko sau ɗaya ba da shi ake yi ba."

Ta buɗe fayil ɗinsa ta ci gaba.

"Ka rubuta mini cewa ba ya natsuwa da rana. Kiran ka yake yi."

Sannan ta ce ta san takarda nake so, tunda yanzu duk sashen ya sani. Ta ce a kan watan nan ba ta da abin rubutawa, in ta rubuta kuwa ba zai yi mini daɗi ba. Amma ta ji ina da sauran wata guda. In na ga dama in dawo, in zama bakin Baba da kunnen malamar magana. In ta ga abin rubutawa a ƙarshe, za ta rubuta. In ba ta gani ba, khalas, shi ke nan.

Wannan na nufin in soke watan babban likitan jijiyoyi da na yi ta bin layi kafin in samu, kuma takardar tata, in ma ta zo, sai dab da rufe karɓa. Na kira Nura a kan hanya na zayyana masa komai. Ya yi dariya har sai da ya ƙware. Da ya nutsu sai ya ce, "Likita, baki shi ke yanka wuya. Amma ka koma. Mu nan da muke gadi, wanda duk cikinmu ya faɗi gobe, gadon nan za a kai shi." Ban taɓa tunanin abin ta wannan fuskar ba.

Na koma. Ranar Juma'ar farko na je asibiti ba don an sa ni ba, na jira abokan aikinsa. Uku suka zo, biyu daga cikinsu da Hausa suka yi mini sallama. Da na yi musu tambaya ɗaya tun satin farko, da ta wadatar. A wurinsu na samu lambar matarsa, muka kira ta, ta yi ta magana tana kuka, shi kuma yana amsawa da "to" da "lafiya" da sunanta. Zaman ranar Alhamis kuwa da ma an riga an sauya shi, an ƙara masa makonni na horo.

Watan nan shi ne na fara yin aikin likita. Ni da malamar magana muka zauna muka juya gwaje-gwajenta zuwa Hausa, shi kuma yana gyara mini, don Hausarsu ta zango ba ta bin tamu a komai. In Dakta Huda ta shigo sai ya ce "Dakta ya zo," na yi ta ƙoƙarin gyara masa a zaton ciwon ne, sai abokansa suka ce haka suke faɗa a gida. Na koyi jira. Mutum na neman kalma, kana ganin ta a bakinsa, harshenka na ƙaiƙayi ka faɗa masa, amma dole ka yi shiru har ya kamo ta da kansa. Ranar da ya ce "ba ni ruwa" ba tare da an taya shi ba, fita na yi baranda don kada a ga fuskata.

Na nemi gafararsa tun a satin farko da na dawo. Bai iya amsawa da dogon zance ba a lokacin, hannuna kawai ya riƙe. Sai ana saura kwana biyu a sallame shi, yana iya takawa da sanda mai ƙafa huɗu, na tambaye shi abin da ke raina: me ya sa duk cikin kalmomin duniya waɗannan ya zaɓa ranar nan?

Ya yi dariyarsa ta gefe ɗaya. A hankali, yana tsayawa yana ci gaba, ya ce, "Na buga gado... ba ka ji. Na ja riga... ba ka ji. Na ce, yaron nan... sai maganar shi... zai ji."

Dakta Huda ta rubuta takardar, ta aika saura kwana uku a rufe. Ban ga abin da ke ciki ba, ba a nuna mana. Amma a duk ganawar da aka kira ni, ba wanda ya ambaci sunan Farfesa. A wuri biyu kuwa an yi mini tambaya iri ɗaya: an ce wadda ta yi maka shaida ta rubuta cewa ka yi sakaci da mara lafiya, kuma ka tona kanka da bakinka a lokacin da shiru zai rufa maka asiri, ba mu labari. Na ba su. Ban samu wurin da na sa a farko ba. Na samu na uku, kuma a nan nake har yanzu.

Abin da na koya bai da yawa. Wanda zai yi maka shaidar da za a yarda da ita sai ya ga ranar da ka ji kunya, ya kuma ga abin da ka yi washegari. Sannan duk mara lafiyar da aka ba ni yanzu, ko fayil ya ce daga wata duniyar ya faɗo, sai na fara ce masa "sannu, ya jiki?" kafin komai. 'Yan Nepal da 'yan Filifin sun sha yi mini kallon wanda zafin Doha ya taɓa, ban damu ba. Gulma kuwa, ba zan yi muku ƙarya in ce na daina ba. Sai dai yanzu kafin in fara nakan duba ɗakin sosai, kuma wanda ya fi kowa shiru shi nake fara tsoro.